V pour Vendetta: yaya za mu karanta shi a fada, kuma shi V ɗin gwarzo ne ko mai kisan kai?

Nasiru, Garin Malam

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Littafin nan mai zane, V pour Vendetta, fassarar Faransanci, ya shigo hannun ƙungiyarmu ta karatu. Kwafi ɗaya ne tal, mu kuwa mu tara ne, muna haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar. Yawancinmu fim ɗin muka sani, sai fuskar aron nan ta V, mutumin da ke yaƙi da gwamnati a labarin, mai murmushi da siririn gashin baki, wadda samari ke sawa a hotonsu na Facebook.

Ina neman a haska mana abu uku. Zama nawa ya kamata mu raba shi, kuma a ina ake tsayawa? Wasunmu sun buɗe shi sun ce fuskokin mutanen ciki suna rikita su, ba sa gane wa ke magana. Sai kalmar anarshizim: wani ya ce ma'anarta kowa ya yi abin da ya ga dama, ba doka ba oda. In haka ne, me ya sa littafin yake ɗaukarta da daraja? Na ƙarshe, wanda ya ga fim ɗin ya wadatar, ko akwai bambanci na gaske? Allah ya saka da alheri.

Malam Isufu, Zango

Wa alaikumus salam Nasiru. Fara da sanin yadda aka gina littafin, rabon zaman daga nan zai fito. Wanda bai karanta ba kuma ya sani za mu taɓa abin da ya faru a ciki.

Alan Moore ne ya rubuta, David Lloyd ya zana, dukansu mutanen Ingila. Ba a dunƙule ya fito ba. A 1982 ya fara fita guntu-guntu a wata mujalla mai suna Warrior, shafi shida zuwa takwas kowace fitowa, baƙi da fari. Mujallar ta mutu a 1985 labarin bai ƙare ba. Kamfanin DC na Amurka ya ɗauke shi a 1988, ya sake buga na baya da launi, aka ƙarasa a 1989 cikin fitowa goma. A Faransanci gidan Zenda ne ya fara fitar da shi, ya ci kyautar littafin waje mafi kyau a bikin Angoulême na 1990, daga baya Delcourt da Urban Comics suka sake buga shi. Abin da wannan tarihi ke nufi gare ku shi ne babobin gajeru ne, kowane yana da nasa rufi, don haka ba za ku sha wahalar samun wurin tsayawa ba.

Kashi uku ne. Na farko babi 11, na biyu babi 14 da waƙar buɗewa, na uku babi 11 da ƴar shimfiɗa. Jimla 36, shafi ya kusa 300. Ku yi zama goma. Kashi na farko zama uku: babi huɗu, huɗu, uku. Na biyu zama huɗu: waƙar da babi 1 zuwa 4, sai 5 zuwa 9, sai 10 zuwa 13, sai 14 shi kaɗai tare da muhawara. Kashi na uku zama uku. Abin da ba zan yarda ku canza ba shi ne babi 10 zuwa 13 na kashi na biyu. A zama ɗaya za a karanta su, ba tashi. Nan ne aka kulle yarinyar nan Evey, kuma in kun yanke a tsakiya, wanda ya ga fim zai tona wa sauran asirin kafin Asabar ta zagayo, nauyin wurin ya zube.

Rikicewar fuskoki gaskiya ce, ba laifin idonku ba ne. Lloyd ba ya zagaye fuska da layi kamar yadda kuka saba gani a bede, wato littattafan zane na yara. Inuwa yake zubawa, ya bar haske ya fitar da hanci da goshi. Ga shi kuma rabin mutanen littafin Turawa ne magidanta masu kwat iri ɗaya. Maganinsa takarda ɗaya. Ku zana mutum a tsaye, domin gwamnatin cikin labarin, jam'iyyar Norsefire, da sunan gaɓoɓin jiki ta kira ma'aikatunta. A Kai ku rubuta Adam Susan, shugaba, tare da babbar kwamfutarsa mai suna Fate, wato Ƙaddara. Ido su ne masu kamarorin sa ido, Conrad Heyer ke riƙe da su. Kunne masu sauraren waya da ɗakunan mutane, na Brian Etheridge. Hanci masu binciken laifi, na Eric Finch. Yatsa ƴan sandan ciki masu kame, farko Derek Almond, bayan ya mutu Peter Creedy. Baki gidan rediyo da talabijin, na Roger Dascombe, kuma a nan Lewis Prothero yake karanta labarai da muryar da jama'a suka ɗauka ta kwamfutar ce. Ku ƙara matan biyu a gefe, Rose Almond da Helen Heyer, don ƙarshen littafin a hannunsu yake fiye da yadda mai karatun farko ke zato. Takardar ta zauna a tsakiyar tabarma kowane zama.

Sai abin da aka cire da gangan. Babu da'irar tunani a littafin, irin wadda ke nuna abin da mutum ke saƙawa a zuci, kuma babu rubutun ƙara, irin “bum” da “paf”. Lloyd ne ya nemi haka. Bam zai tashi da majalisar dokokin Landan a babin farko, daren 5 ga Nuwamba 1997, amma shafin shiru yake. Kuskuren da sabon mai karatu ke yi shi ne ya bi rubutu kawai yana tsallake akwatunan da ba magana, ya gama babi cikin minti uku bai ga komai ba. Mafi yawan shafukan layi uku ne na akwatuna. Ku sa doka: mai riƙe da littafi ya faɗi abin da ke cikin akwatin da bakinsa kafin ya karanta rubutun, wa ke tsaye, me ke hannunsa, me ke manne a bango. Allunan bango da fastoci a bayan mutane suna magana sosai.

Dabara ta biyu ita ce ta fi rikita mutane. Sau da yawa maganar da ke saman akwati ba ta mutanen cikin akwatin ba ce. Babban limamin coci yana wa'azi, hoto kuwa yana nuna wani wuri daban, kuma kalmar wa'azin ta faɗa daidai kan abin da ake aikatawa a can. Idan rubutu yana cikin akwati mai kusurwa huɗu ba wutsiya, ku tambayi kanku muryar wa ce, daga wane shafi ta biyo mu. Da kun kama wannan, rabin daɗin littafin ya shigo hannu.

Ku sa yaro ɗaya ya riƙa farautar harafin V da lamba biyar. A Turancin asali sunan kowane babi da V ya fara. Ɗakin da aka tsare V a sansanin Larkhill, inda aka yi gwajin allura a kan fursunoni, na biyar ne, kuma biyar a lissafin Rumawa V ake rubuta ta. Kiɗan Beethoven na biyar da V ya sa a gidan limamin yana farawa da bugu uku gajeru da ɗaya dogo, wanda shi ne V a harshen tangarahu na Morse, kuma BBC ta yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin alamar nasara.

Malama Rakiya, Birni

Malam Isufu ya gama da ginin, Allah ya ƙara basira. Ni zan ɗauki tambayarka ta biyu, ƙanena, don a nan ake yawan zamewa.

Wanda ya ce maka anarshizim shi ne zaman kara zube ya faɗi abin da kalmar ta koma a bakin mutane, amma ba abin da masu aƙidar ke nufi ba. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta “ba mai mulki”. Ba ta ce “ba tsari” ba. Bafaranshen nan Proudhon ne ya fara kiran kansa da sunan a littafinsa na 1840, bayansa Bakunin da Kropotkin, mutanen Rasha. Kropotkin ya fitar da littafi a 1902 kan taimakon juna, yana cewa haɗa hannu ya raya halittu kamar yadda kokawa ta raya su. A Spain kuma, daga 1936, ƙungiyoyin ma'aikata masu wannan ra'ayi sun riƙe masana'antu da gonaki a yankin Barcelona suna yaƙi da sojojin Janar Franco, aka murƙushe su kafin 1939 ta ƙare.

In kana so ƴan fadarku su gane cikin minti ɗaya, kawo musu gayya. Mai gona ya kira, kowa ya zo da hauyarsa, aka jera aka yi noma, aka sha fura aka watse. Ba dogari, ba jandarma, ba tara. Wanda ya saba ƙin zuwa ta mutane, ranar tasa zai ga gona wayam. Akwai tsari mai ƙarfi a nan, amma ba wanda ya ɗora shi daga sama. Adashi ma kusan haka ne, uwar adashi riƙo take yi, ba mulki ba. Wannan shi ne abin da V yake nufi. A kashi na uku, lokacin da gari ya rikice ana fasa shaguna, Evey ta tambaye shi ko wannan ne abin da ya yi alkawari. Ya ce a'a, wannan hargitsi ne, ƙasar ɗauki-abin-da-kake-so. Abin da yake jira shi ne tsarin da mutane za su yi da yardarsu bayan hargitsin ya lafa. Ku tsaya a wannan shafi ku daɗe.

Sai dai kada ku bar littafin ya wuce da sauƙi a nan. Gayya tana tafiya ne tsakanin mutanen da suka san fuskar juna da iyayen juna. Birni kamar Damagaram fa, a tsakiyar bazara, wa zai raba ruwan pompi tsakanin unguwanni in ba hukuma? Wa zai hana mai ƙarfi ya kafa tasa sarautar da adda? Littafin bai amsa ba, kuma a ganina ya san bai amsa ba, shi ya sa ya rufe kafin a ga gari ya waye. Wani a cikinku kuma zai kawo hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ya kawo, hujja ce mai nauyi, a tattauna ta. Karanta littafi ba mubaya'a ba ce. Tambayar da za ta amfane ku ita ce bambancin shugaban da matafiya suka zaɓa suna iya sauke shi, da wanda ya ce shi ne Kai ku kuwa yatsu ne.

Ɗaya gefen, fashizim, aƙidar gwamnatin cikin labarin, ba shi da alaƙa da fashi na Hausa, kamar sauti ce kawai. Daga wata alamar Rumawa ya fito: damin sanduna da aka ɗaure tam, da gatari a tsakiya. Mussolini ya ɗauke ta, ya hau mulkin Italiya a 1922. A babi na biyar na kashin farko Adam Susan da kansa yake bayanin damin nan cikin motarsa, ba kunya, yana cewa sanda ɗaya tana karyewa amma dami ba ya karyewa. Duk Bahaushe zai ji wannan ya tuna tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kuma haɗarin ke nan, maganar tana da daɗin ji. Abin dubawa shi ne wa ya ɗaure damin, wa ke riƙe da gatarin, kuma me ake yi da sandar da aka ce ba irin sauran ba ce. A labarin amsar a fili take. Bayan yaƙin nukiliya na 1988 ya shafe Afirka da yawancin Turai, yunwa da ambaliya suka kama Ingila, ƴan Norsefire suka karɓi mulki a 1992, suka kwashe baƙaƙen fata da ƴan Pakistan da ƴan gurguzu da masu neman jinsi zuwa sansanoni. Mu da muke karantawa a nan, mu ne mutanen da babu su a shafukan. Ku lura da kyau, titunan Landan na littafin fari fat suke, kuma waƙoƙin baƙaƙen Amurka sai a ɓoye a gidan V ake jin su.

Moore bai ƙirƙiro wannan daga iska ba. Ingila ta yi nata ƴan fashizim: Oswald Mosley ya kafa jam'iyyarsa a 1932, kuma ranar 4 ga Oktoba 1936 mutanen gabashin Landan suka tare masa hanya a titin Cable. National Front ta kafu a 1967, tana maci a unguwannin baƙi cikin shekarun 1970. Lokacin rubutun kuwa Margaret Thatcher ke mulki, tun 1979. Moore ya gina labarin kan zaton jam'iyyar Labour za ta ci zaɓe ta kori makaman nukiliyar Amurka, shi ya sa bam bai faɗa Ingila ba. Zaɓen 1983 ya ƙaryata shi, kuma a gabatarwar 1988 ya amsa cewa akwai ƙuruciya a zaton ana tsira daga irin wannan yaƙi.

Mu ma ba baƙi ba ne ga abin. Daga 1940 zuwa Nuwamba 1942 Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Faransa ta Vichy mai biyayya ga Hitler, ta hannun gwamna Boisson a Dakar, alhali Cadi ta Félix Éboué ta bi de Gaulle tun Agusta 1940, Kano kuma tana hannun Ingila. Damagaram kusa da iyakar Najeriya ta Ingila take a lokacin. Amma a faɗi gaskiya duka: aikin tilas ya riga Vichy zuwa, kuma ya wuce ta, sai 1946 aka soke shi.

Babin da na fi so ku maimaita shi ne na huɗu a kashi na biyu. V ya ƙwace gidan talabijin, kowa yana jiran ya zagi gwamnati. Sai ya juya kan masu kallo, yana magana kamar mai gida da ya kira ma'aikacinsa ofis: an sha ba ka girma ka ƙi, ka fi son a ba ka umarni, kai ka ɗora waɗannan mutane, ko ka yi shiru aka ɗora su. Ya ba su wa'adin shekara biyu. Zuciyar littafin ke nan a wurina, ba bama-baman ba.

Nasiru, Garin Malam

Na gode Malam, na gode Malama, misalin gayya ya warware mini ƙulli. Amma ga abin da ke damuna. In V yana son mutane su daina bin umarni, yaya aka yi shi ne ya kulle Evey ya azabtar da ita don ya “ƴanta” ta? Wannan ba irin aikin waɗanda yake yaƙa ba ne?

Laminu ɗan Sabon Gari

Ƙanena ka sa yatsa a kan gyambon. Kada kowa ya rufe maka shi da sauri.

Ga abin da ke shafi. Evey shekararta 16 a farkon labari, marainiya, ma'aikaciyar masana'anta da albashi bai ishe ta ba, har ta fita titi daren farko don ta sayar da kanta, ta faɗa hannun ƴan Yatsa. V ya cece ta. Daga baya shi ɗin ne ya gina kurkukun ƙarya a gidansa, ya aske mata kai, ya riƙa danna kanta cikin ruwa, ya bar ta da yunwa da ɓera. Masu gadin gumaka ne, muryoyin kaset ne. Abu ɗaya ne na gaske a wurin: wasiƙar Valerie, wadda aka rubuta a takardar ban-ɗaki. Valerie ƴar fim ce da aka kama saboda tana zaune da mace ƴar'uwarta, ita ce ta ɗaki na huɗu a Larkhill, kuma ta tura wa na ɗaki na biyar wasiƙar ta ramin bango kafin ta mutu. Abin da take cewa shi ne akwai ɗan abu a cikin mutum, bai kai gaɓar yatsa ba, mutuncinsa, wanda ba a iya ƙwacewa sai in shi ya miƙa. Evey ta karanta, aka ce ta sa hannu a takardar ƙarya ko a harbe ta, ta zaɓi harbi. Sai ƙofa ta buɗe.

Na san wasu za su so tsallake babin Valerie saboda rayuwarta ta saɓa wa tarbiyyarmu. In kun tsallake, abin da ya biyo baya ba zai yi ma'ana ba, don ba za ku san me ya hana Evey sa hannu ba. Ba a nemi ka yarda da rayuwar matar ba kafin ka ga cewa allurar gwaji da aka kashe ta da ita zalunci ce.

A nan na ɗan saɓa da Malama Rakiya, da girmamawa. Ta ce zuciyar littafin jawabin talabijin ne. Ni ina ganin zuciyarsa ita ce yadda ya ƙi wanke V. Ku ƙirga: ya ƙona ƴan tsanan Prothero a gabansa har ya haukace. Ya ba limamin coci Lilliman gurasar ibada mai guba. Likita Delia Surridge, wadda ta yi gwajin a Larkhill kuma ta yi nadama, ya yi mata allura tana barci, ya zauna suna hira har ta cika. Waɗannan suna da jini a hannu. Amma akwai ƙananan ma'aikata da suka mutu a gine-ginen da ya tarwatsa, kuma akwai Rose Almond. V ya kashe mijinta, gwamnati ta yi watsi da ita, ta koma rawa a gidan giya don ta ci abinci, daga ƙarshe ita ce ta harbe shugaba Susan. Littafin ya bi ta babi bayan babi don ka ga abin da ramuwar wani ke jawo wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko labarin Larkhill ɗin ma daga littafin ajiyar likitar muka ji shi, an yage wasu shafuka, kuma Finch da kansa ya ce mai yiwuwa V ya shirya shi don ya ɓatar da sawu.

V ya san matsayinsa. Ya gaya wa Evey cewa aƙidar fuska biyu gare ta, mai rushewa da mai ginawa, kuma mai rushewa ba shi da wurin zama a gidan da za a gina. Shi ya sa ya bar Finch ya harbe shi. Evey ta ɗauki fuskar aron ba tare da ta buɗe tasa ta ga ko wane ne ba, ta kuma ce ita ba za ta yi kisa ba. Ko wannan ya biya abin da ya yi mata? A ganina bai biya ba. Wanda aka ƴanta da azaba ba a tambaye shi ba, kuma a shafukan ƙarshe ita ma ta ɗauko wani saurayi, Dominic mataimakin Finch, ta kai shi gidan ba da shawararsa ba. Ku ba wannan muhawara zama na bakwai gaba ɗaya.

Fim ɗin kuwa, na James McTeigue, ya shiga gidajen silima a 2006, Hugo Weaving da Natalie Portman. Yana da kyan kallo, amma wani abu ne daban, har Moore ya ce a cire sunansa. An mai da yaƙin nukiliya annobar da gwamnati ta ƙirƙira, wato laifin ya koma kan ƴan tsiraru masu makirci, jama'a suka zama waɗanda aka yaudara kawai. An mai da Susan, mutum mai kaɗaici da ya kamu da son kwamfutarsa, ya zama Sutler mai ihu a allo. Evey ta girma ta zama ma'aikaciyar talabijin. Rose da Helen babu su. Wurin da aka ɓoye Alƙur'ani a ɗakin sirri na fim ne, kada ku neme shi a littafi. Majalisa a farko ta tashi a littafi, a fim sai ƙarshe, kuma jirgin ƙasan da ya ɗauki gawar V a littafi gidan firaminista na Downing Street ya nufa. Dubban mutane masu fuska iri ɗaya suna maci, wannan ma na fim ne. Littafin ya ƙare da gari a hargitse, Finch shi kaɗai yana tafiya a ƙasa kan babbar hanyar arewa cikin duhu.

Fuskar da samari ke sawa kuma ta Guy Fawkes ce, kuma Lloyd ne ya kawo shawarar. Fawkes ba ɗan anarshizim ba ne ko kaɗan. Ɗan Katolika ne da aka kama a 1605 da ganga 36 na albarushi a ƙarƙashin majalisa, suna so su kashe Sarki James na ɗaya su ɗora mai mulki na ɗariƙarsu. Har yau Turawan Ingila suna ƙona gunkinsa kowace 5 ga Nuwamba. Ƴan Anonymous, masu fafutuka da kutse a intanet, suka ɗauki fuskar a 2008, masu zanga-zangar Occupy a 2011, kuma haƙƙin siffarta na kamfanin Warner ne da ya yi fim ɗin.

Mamman Sani, Kara-Kara

Gaisuwa ga manya. Nawa kan kwafi ɗaya da mutum tara ne.

Kada ku kai shi fotokofi. Ban da haƙƙin masu shi, launin bugun nan dusashe ne, ruwan toka da shuɗi da ɗorawa mara haske a kan baƙi mai yawa. Inji zai haɗe su su zama tabo ɗaya, fuskokin da dama ke ba ku wahala su ɓace sam. Danna littafi mai kauri haka a kan gilashi kuma yana karya gamin bayansa, shafukan tsakiya su fara zubewa. Ɗaukar hoto da waya a tura WhatsApp ma ba ya yi: rubutun ƙanana ne, sai an ja hoton, da an ja kuma an rasa shafin gaba ɗaya, alhali dabarar da Malam Isufu ya faɗa sai ido yana ganin akwatin da ke gaba da na baya tare.

Ku kasu uku-uku. Babi ɗaya minti goma sha biyar yake ci in ana kallon zane da gaske. Kowane rukuni ya karɓi littafin kwana biyu cikin mako, ranar Asabar a zo an riga an gani, a buɗe shafukan da ake gardama kawai. A fara da wuri, don da rana ta yi ƙasa baƙin shafin ba ya karantuwa, fitilar waya kuma tana ƙyalli a kan takardar. Ku sa masa riga da takardar siminti ko leda mai kauri saboda ƙura da zufa.

Waƙar buɗe kashi na biyu a kwance aka buga ta, da alamomin kiɗa a ƙasa, sai an juya littafin gefe. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Ta taƙaita halin da kowane mutum yake ciki, don haka ku karanta ta sau biyu, kafin kashin da bayansa. A ƙarshen yawancin bugu akwai gajerun babi biyu na ƙari da bayanin Moore kan yadda suka ƙirƙiro V, ku bar su sai zama na goma ya wuce.

Akwai tsiraici a wasu shafuka, da azabtarwa, da limamin da ke lalata da ƙananan yara, da wurin da Finch ya sha ƙwaya a kangon Larkhill. Na manya ne. In akwai ɗan kolej a cikinku ko ƙannen da ke zagaye tabarma, littafin ya kwana a jakar babbanku.